Tarihin Shigar Tarwaɗar Turai Tafkunan Kifin Kaf na Ingila da Yadda Ya Kamata a Tsara Zuba Ta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda wani baƙon kifi, watau tarwaɗar Turai, ya shiga tafkunan da mutanen Ingila suka keɓe don fatsar kifin kaf, da irin gardamar da shigar tasa ta haddasa, da kuma abin da tarihin ya ke koyarwa game da tsara zuba shi. Zuba kifi a ruwa aiki ne na ɗan lokaci, amma abin da zai biyo baya ya kan daɗe fiye da ran wanda ya zuba. Kifayen da wani basarake ya saki a tafkinsa a 1880, har yau hukuma da masu tafki suna fama da lissafin jikokinsu. Saboda haka maganar ta shafi masanin tarihi kamar yadda ta shafi masanin kifi.

Abin da takardar za ta yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, haɗa kifin nan biyu a ruwa ɗaya tsohon abu ne, kuma ya yi amfani a inda mai ruwa ya ke iya janye ruwansa ya ƙidaya abin da ke ciki. Matsala ta taso ne sa'ad da aka ɗauki al'adar aka kai ta ruwan da ba a iya janyewa, a hannun mutanen da ba su cin abin da suka kama. Da ya ke masu fatsa a Ingila da laba su ke auna kifi, da ita za a yi amfani a nan; laba ɗaya giram 454 ce, watau ta ɗan gaza rabin kilo.

2.0 Kifayen Biyu da Asalinsu

Kaf, wanda masana ke kira Cyprinus carpio, kifi ne mai kauri, mai kiwo a ƙasan ruwa, inda ya ke tonon laka yana cin tsutsotsi da ƙananan ƙwari da tsirrai. Kaf ɗin Turai daga kogin Danub da maƙwabtansa ya samo asali. Daga can aka riƙa yaɗa shi yamma a zamanin tsakiya, a tafkunan sarakuna da na gidajen ibadar Kirista, domin kwanakin azuminsu da ba a cin nama suna da yawa. Ya isa Ingila a makare, har wani littafin fatsa da aka buga a 1496 ya nuna cewa a lokacin bai yawaita a ƙasar ba.

Ita kuwa tarwaɗar Turai, Jamusawa na kiranta wels, sunan da Ingilishi ma ya ara, masana kuma suna ce mata Silurus glanis. Ta yi kama da tarwaɗarmu wajen rashin ɓawo da faɗin kai da santsin jiki, amma akwai bambanci. Gashin bakin tamu takwas ne, nata shida, biyu dogaye a sama, huɗu gajeru a ƙasa. Tamu tana da wata gaɓa da ke ba ta damar shaƙar iska in ruwa ya ƙafe, ita ba ta da ita. Babban bambanci kuwa girma ne, domin tana cikin mafi girman kifayen ruwan daɗi na duniya. A 2023 an kama wata a kogin Po na Italiya mai tsawon santimita 285. Tana rayuwa shekaru da dama, da dare ta fi farauta, kuma ba ta zaɓen abinci: kifi, kwaɗo, ƙaguwa, mushe, har 'ya'yan tsuntsayen ruwa. Ba ta yin ƙwai sai ruwa ya yi ɗumi, wajen digiri 20 a ma'aunin Selshiyas, sa'an nan namiji ya tsare sheƙar har a ƙyanƙyashe. Wannan batu na ɗumin ruwa shi ne mabuɗin tarihinta a Ingila, kamar yadda za a gani.

3.0 Gadon Bohemiya

Kafin a duba Ingila, ya dace a duba inda aka fara haɗa kaf da kifaye mafarauta bisa tsari. A ƙarni na 16, manyan masu ƙasa na Bohemiya, a Jamhuriyar Cek ta yanzu, sun mai da fadamun yankin Třeboň jerin tafkuna masu haɗe da magudanai. Mafi girmansu, tafkin Rožmberk, Jakub Krčín ne ya gina shi tsakanin 1584 da 1590, faɗinsa kuwa ya kusa hekta 490. Tun a 1547 Jan Dubravius, bishop na Olomouc, ya wallafa littafi da Latin kan kiwon kifi a tafki, inda ya bayyana yadda a ke raba kaf bisa shekaru, tafkin haihuwa dabam, na reno dabam, na ƙiba dabam.

A wannan tsari kifi mafarauci ma'aikaci ne. A kan saka shi kaɗan a tafkin manyan kaf domin ya cinye ƙananan kifayen da ba a so, waɗanda ke rage wa kaf abinci. Da kifin faik aka fi yin wannan aiki, daga baya aka ƙara da zanda da tarwaɗa. Abin lura a nan shi ne, kowane tafki yana da mafitar ruwa. In kaka ta yi, bayan shekara ɗaya ko biyu, sai a buɗe mafitar, ruwa ya janye, masunta su ja taru, a ware kifi iri iri, a auna, a rubuta, a kai kasuwa. Tarwaɗar da ta yi girma ita ma kasuwa za ta tafi. Ke nan ba a ba ta lokacin da za ta fi ƙarfin mai ita, kuma duk kuskuren da aka yi wajen zubi ba ya wuce girbi ɗaya.

4.0 Zuwanta Ingila

A tsakiyar ƙarni na 19 wata sha'awa ta kama manyan mutanen Ingila, ta kawo dabbobi da kifayen wasu ƙasashe su saba da ƙasarsu. A 1860 suka kafa ƙungiya don wannan aiki, wadda masanin halittu Frank Buckland ya zama jigonta. A cikin shekarun 1860 aka kawo 'yan tarwaɗa kaɗan daga yankin Romaniya ta yau, da fatan za su zama abinci mai araha ga talakawa, amma ba su kafu ba. Zubin da ya yi tasiri shi ne na 1880, lokacin da basaraken Bedford, mai sarautar Duke, ya saki kimanin 70 a wani tafki na gidansa da ke Woburn. Shekara biyu kafin nan ma, a 1878, a wannan gida aka saki kifin zanda, shi ma baƙo daga Turai.

Shekaru kusan 70 tarwaɗar ta yi ba wanda ya damu da ita. Bazarar Ingila gajera ce, ruwanta ba ya ɗumi sosai, don haka ba kowace shekara ta ke haihuwa ba, girmanta kuma a hankali ya ke tafiya. Daga Woburn aka riƙa ɗibarta kaɗan kaɗan zuwa ruwayen maƙwabta, musamman a shekarun 1950, irin su tafkin Claydon da ramukan yashi na kewayen Leighton Buzzard. Ta kuma kafu a madatsun ruwa na Tring. Duk da haka, mafi girman da aka kama a ƙasar har zuwa 1970 laba 43 da rabi ce, daga madatsar Wilstone ta Tring. In aka gwada da 'yan'uwanta na Danub, wannan yarinya ce. Wannan jinkiri ya sa mutane suka ɗauka cewa kifi ne mai sauƙin riƙewa, alhali sanyin ƙasa ne ya riƙe musu shi.

5.0 Bunƙasar Fatsar Kaf

Abin da ya sauya al'amarin daga wajen kaf ya zo. A 1934 wani mai sayar da irin kifi, Donald Leney, ya zuba kaf 50 a wani ɗan tafki mai suna Redmire a lardin Hereford, wanda faɗinsa bai wuce eka uku ba. A 1952 Richard Walker ya kama ɗaya daga cikinsu mai laba 44, aka kai shi gidan ajiye dabbobi na Landan mutane suna kallo. A 1980 Chris Yates ya kama mai laba 51 da rabi a wannan ruwa. Waɗannan labarai suka mai da fatsar kaf sana'a da sha'awa ta dubban mutane. A daidai lokacin kuma aikin gine-gine da na manyan hanyoyi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bar ramukan tsakuwa masu yawa, waɗanda suka cika da ruwa, kamar yadda kududdufi ke samuwa a inda aka haƙi ƙasar gini. Aka saye su, aka zuba kaf, aka riƙa karɓar kuɗi a hannun mai son jefa ƙugiya.

Abu uku ya bambanta waɗannan tafkuna da na Bohemiya. Na farko, ramin tsakuwa daga ƙasa ya ke samun ruwa, ba shi da mafita, ba a janye shi. Na biyu, al'adar masu fatsar kaf ita ce a kama, a auna, a ɗauki hoto, a mai da kifi ruwa. Ba a girbi. Na uku, tun daga shekarun 1970 suka koma ga abincin ƙugiya mai gina jiki, wanda a ke cuɗawa da ƙwai a dafa, daga baya kuma da dunƙulen garin kifi mai maiƙo, suna watsa shi a ruwa da yawan gaske. Darajar tafki ta koma kan 'yan manyan kifaye, waɗanda har suna a ke raɗa musu, kowane yana iya kai kuɗi mai yawa.

Cikin irin wannan ruwa aka shigo da tarwaɗa. Mai tafki ya ga cewa ita ce hanya mafi sauri ta samun kifi mafi nauyi a yankinsa, domin cikin 'yan shekaru ta kan zarce kaf. A 1983 masu sha'awarta suka kafa ƙungiyarsu ta kiyaye tarwaɗa, buƙatar iri kuma ta ƙaru fiye da abin da tsofaffin tafkuna za su iya bayarwa.

6.0 Fasa-ƙwauri da Doka

Doka ba ta yi barci ba, sai dai ta kan zo a bayan aiki. Dokar kifi ta 1975 ta wajabta neman izini kafin a zuba kowane kifi a ruwan cikin ƙasa. Ta 1980 ta ba hukuma ikon hana shigo da kifi mai rai, ta 1981 kan namun daji kuma ta saka tarwaɗar Turai cikin jerin halittun da ba a yarda a sake su ba sai da lasisi. A 1998 aka ƙara da umarnin da ya hana ko ajiye ta ba da lasisi ba.

Amma riba ta fi tsoron hukunci ƙarfi. A shekarun 1990 aka riƙa shigo da manyan kaf da manyan tarwaɗa a ɓoye daga Faransa da wasu ƙasashen Turai, a cikin motoci, a zuba su da dare. Illar wannan ba ta tsaya ga keta doka ba. Kifin da bai bi ta hannun likita ba yana iya ɗauko cuta, musamman ƙwayar cutar bazara mai kashe kaf, wadda ita tarwaɗar ma tana kamuwa da ita. Abin ya kai ga kwamitin da ke rubuta bajintar masu fatsa na Birtaniya ya rufe babin tarwaɗa a 2000, ya bar shi a kan laba 62 da aka kama a tafkin Withy a 1997, domin kada neman suna ya ƙara wa masu fasa-ƙwauri kasuwa. Sai bayan fiye da shekara 20 aka sake buɗe shi, kuma a 2024 aka kama mai laba 143 a tafkunan Chigborough na lardin Essex. Daga laba 43 da rabi zuwa 143 cikin shekara 54: wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da yalwar abinci da ɗumin ruwa ke yi.

Tun 2015 tsarin da ke aiki a Ingila shi ne na izini biyu daga Hukumar Kula da Muhalli, ɗaya na mai tafki, wanda ke fayyace irin kifin da zai ajiye da sharuɗɗansa, ɗaya na mai kawo kifin. Manufar hukumar ita ce kada a ajiye tarwaɗa sai a rufaffen ruwa wanda ba ta da hanyar fita daga cikinsa. Duk da haka an sha kama ɗaiɗaiku a kogunan Thames da Trent, abin da ke nuna cewa ambaliya da hannun ɗan Adam sun riga doka.

7.0 Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu ƙin tarwaɗa suna cewa tana cinye tafki. Masu sonta suna cewa ƙazafi ne, mushe da marasa lafiya ta fi ci. Kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Nazarin da Gordon Copp da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa kifi ne mai cin abin da ya samu a sauƙaƙe, wanda kuma ci da haihuwarsa suka dogara ga zafin ruwa. Ba ta yanka abinci, haɗiya ta ke yi, don haka faɗin bakinta shi ne iyakarta. Babban kaf mai laba 30 ya fi ƙarfin yawancinsu. Waɗanda ke cikin haɗari su ne ƙananan kaf da aka zuba don gobe, da sauran kifayen da ke kwana a ƙasan ruwa, irin su tenc. A wani gefen kuma tana rage wata irin ƙaguwar Amurka da aka shigo da ita a 1976 ta zama annoba, wannan kuwa amfani ne.

Akwai wata ɓarna da ba a cika ambata ba, watau gasar abinci. Tarwaɗa ta koyi cin abin da a ke watsa wa kaf, ta kan riga shi zuwa, ta kama ƙugiyar da ba don ita aka jefa ba, ta tsinke zare. Mai tafki sai ya wayi gari masu biyan kuɗi don kaf sun ƙaurace masa, ko da bai rasa kifi ko ɗaya ba.

Abin da ya faru a ƙasashe masu ɗumi ya isa gargaɗi. A 1974 wani Bajamushe ya saki 'yan ƙanana a kogin Ebro na Sifen, cikin shekaru kaɗan suka mamaye madatsar Mequinenza. A kogin Tarn na Faransa, a garin Albi, masana sun bayyana a 2012 yadda ta koyi fitowa gaɓa tana cafke tattabaru. Ingila kuwa ba ta da tabbacin sanyin da ya kāre ta a da, tun da a watan Yuli na 2022 zafi ya haura digiri 40 karo na farko a tarihin awonta. Duk bazara mai zafi, zuriya ce sabuwa. Darasin zanda ma yana nan: guda 97 kacal aka saki a wata magudanar kogin Great Ouse a 1963, suka bazu a magudanan gabashin Ingila har aka kasa mai da hannun agogo baya.

8.0 Yadda Ya Kamata a Tsara Zubi

Daga wannan tarihi ana iya fitar da ƙa'idoji. Ta farko ta shafi wuri: kada a zuba tarwaɗa sai a tafkin da ba ya haɗe da rafi ko magudana, wanda kuma ambaliya ba ta kai masa. Wanda ya yi sakaci a nan, maƙwabtansa da kogin jama'a ne za su biya.

Ta biyu ta shafi manufa. Dole mai tafki ya yanke tun farko ko ruwansa na kaf ne, ko na tarwaɗa, ko na gauraye. Inda ya ke da tafki fiye da ɗaya, raba su ya fi, kamar yadda Dubravius ya raba kaf bisa shekaru. Ba a saka ta a tafkin reno ko kaɗan.

Ta uku ta shafi adadi da girma. Lissafi ba da nauyin ranar zubi a ke yinsa ba, da nauyin da kifin zai kai bayan shekara 10 ko 20 a ke yi. 'Yan kaɗan sun isa. Haka kuma duk kaf ɗin da za a ƙara daga baya, sai ya girmi bakin babbar tarwaɗar da ke ciki, in ba haka ba abinci aka saya mata da tsada.

Ta huɗu ta shafi asali: a sayi iri daga gonar kifi mai rajista, da shaidar lafiya, da izinin hukuma. Ta biyar ita ce ƙidaya. Tun da ba a iya janye ruwa, sai rubutu ya maye gurbin girbin Bohemiya. A saka wa kowace babba 'yar alamar lantarki a ƙarƙashin fata, a riƙa rubuta duk wadda aka kama da nauyinta. Ranar da aka kama ƙarama marar alama, an san haihuwa ta fara.

Ta shida, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce hanyar fitarwa. Kafin a zuba ta farko, a san yadda za a kwashe ƙanana da tarko ko taru, da inda doka ta yarda a kai su, domin al'adar mai da kifi ruwa ba ta dace da zuriyar da ba a shirya mata ba. Ta ƙarshe ita ce ƙayyade abincin da masu fatsa ke watsawa, tun da shi ne ke ƙara wa tarwaɗa girma, ragowarsa kuma na ɓata ruwa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

9.0 Kammalawa

An ga yadda tarwaɗar Turai ta zama ma'aikaciya a Bohemiya, abin ado a Woburn, hajar kasuwa a ramukan tsakuwa, sa'an nan abin shari'a. Halinta bai sauya ba a duk waɗannan matakai; ikon mai ruwa a kan ruwansa ne ya ragu, zafin ƙasa kuma ya ƙaru.

Maganar ba ta yi nisa da mu ba. A farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato, aka kawo mata kaf daga Ostiriya, watau a nan shi ne baƙo, tarwaɗa ce 'yar gida. Masu kiwon kifi a ƙasarmu kuma sun daɗe suna saka tarwaɗa kaɗan a tafkin karfasa don ta rage yawan 'ya'yanta, wanda shi ne ainihin dabarar Bohemiya. Ita tarwaɗarmu ma, da aka kai ta Indiya, ta yi wa kifayen can ɓarnar da ta sa gwamnati ta hana kiwonta. Don haka duk hukuma ko attajirin da ke shirin zuba kifi a madatsa ko tafki, tambayar da tarihin Ingila ya bar masa ita ce: in abin bai yi kyau ba, ta ina za a fitar da shi? Wanda ba shi da amsa, ya dakata da zubi har ya samu.